Darasi na Sha Biyu: Haƙƙin Wanda Ke Zaune Kusa da Haɗari

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana bambancin da ke tsakanin tukunyar nukiliya ta bincike da ke Zariya da babbar tashar lantarki ta nukiliya;
2. faɗin abubuwa huɗu da suka wajaba a kan hukuma game da mutanen da ke makwabtaka da babban aiki mai haɗari;
3. rubuta takardar neman bayani zuwa ga hukuma.

Ruwan da ke sama da mu

Duk wanda ke noman rani a Kura, Bunkure ko Garun Malam, da ruwan Tiga yake noma. Ruwan yakan fito daga madatsa ya bi babban kanal, ya biya ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu biyu: reshen yamma ya nufi Kadawa da Kura, na gabas ya nufi Bunkure. Shinkafar da ake casa a Kura, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, da alkama da albasar da muke kaiwa kasuwa, duk albarkar ruwan nan ne.

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ganuwa ce ta ƙasa da aka dandaɓe, tsawonta ya kusa kilomita 6, tsayinta mita 48. Bayan wannan ganuwa ruwa ne tsaye dare da rana, mu kuma muna gangare, da gidajenmu da gonakinmu da dabbobinmu. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, ita ce ke kula da madatsar da kuma filayen ban ruwa.

Dattawanmu sun ga abin da ruwa ke yi idan ya kuɓuce. A watan Agusta na 1988, bayan an kwashe kwanaki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwan ya shafe gonaki, ya rushe gidaje, ya tafi da dabbobi, an kuma yi asarar rayuka. Ga shi kuwa Bagauda ƙaramar madatsa ce idan aka kwatanta ta da Tiga. Shekara huɗu bayan haka, a 1992, aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga da mita 3.5, domin a sassauta wa ganuwar nauyi. Hakan ya rage ruwan da madatsar ke iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Asara ce babba ga noman rani, amma an fifita ran jama'a a kan yawan ruwa. Wannan misali ne na hukuma da ta ɗauki mataki tun kafin a yi kuka.

Haɗarin bai zama tarihi ba. A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya afka wa Maiduguri cikin dare, ya mamaye unguwanni da kasuwa da asibiti da gidan yari. Shekara talatin kafin nan, a 1994, ruwan madatsar ya taɓa cin garin. Shi ya sa duk damina mai ƙarfi sai ka ji magana ta tashi a majalisa da WhatsApp: "An saki dam!" ko "Wai Tiga ta tsage!" Sau da yawa maganar ba ta da tushe. Idan Tiga ta cika, rarar ruwan da kanta take malala ta mazubarta, ba sai wani ya buɗe ƙofa ba. Amma jita-jita tana samun wurin zama ne a inda hukuma ta yi shiru.

Haɗarin da ido ba ya gani

Akwai wani aikin gwamnati da makwabtansa suka fi mu zaman ɗar-ɗar, wato tashar lantarki ta nukiliya. Ya kamata mu san ta, domin Nijeriya ta daɗe tana shirin gina irinta.

Abincin tashar shi ne yuraniyom, ma'adinin da ake haƙowa a ƙasa, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971. Ana tace shi, a sa shi cikin wata tukunya mai kaurin gaske. A ciki ƙananan ƙwayoyinsa suna tsagewa, tsagewar tana haifar da zafi mai tsanani, zafin ya tafasa ruwa, tururin ruwan ya juya injin da ke ba da lantarki. Tashar ba ta fitar da baƙin hayaƙi irin na gawayi ko dizal, kuma takan yi shekaru masu yawa tana aiki.

Matsalarta ita ce gubar da ke fita daga yuraniyom, wadda 'yan jarida ke kira tururin nukiliya. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Idan ta yi yawa tana ƙona jiki, idan ta taru a hankali tana iya jawo ciwon daji bayan shekaru. Sai da na'ura ake gane ta.

A nan bambanci yake tsakaninmu da makwabcin tashar nukiliya. Manomin da ke bakin kogi yana ganin ruwa yana hawa, yana iya kafa kara ya auna, ya kwashe iyalinsa tun kafin a faɗa masa. Makwabcin tashar nukiliya ba shi da wannan dama. Na'urar awo tana hannun ma'aikata. Idan sun faɗa masa gaskiya ya tsira, idan sun ɓoye masa zai ci gaba da shan ruwan rijiyarsa bai san komai ba.

Tukunyar da ke Zariya

Har yanzu babu tashar lantarki ta nukiliya a Nijeriya. A duk Afirka guda ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg a Afirka ta Kudu, wadda ta fara ba da wuta a 1984. Masar kuma tana gina tata a El Dabaa.

Abin da muke da shi ƙaramar tukunyar bincike ce, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, fiye da kilomita 100 daga Kura. Jami'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ke da tashar binciken noman rani ta Kadawa. An sayo tukunyar daga ƙasar Sin da taimakon Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2004. Ba ta ba da lantarki. Aikinta horar da ɗalibai da gwajin abubuwa: a kawo ɗan samfurin ƙasar gona, ko dutse, ko hatsi, a sa a ciki, a gano sinadaran da ke cikinsa da yawansu.

Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, wato kamar zafin dutsen guga na lantarki guda talatin idan an kunna su tare. Kowace ɗaya daga cikin tukwane huɗun da Masar ke ginawa za ta ba da megawat 1,200. Don haka idan wani ya ce muku akwai bam a Zariya, ku gaya masa ba haka ba ne.

Duk da ƙanƙantarta, akwai abin da ya dami masana. Yuraniyom ɗin da aka zuba mata da farko mai tsananin tacewa ne, kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda idan ya yi yawa ana iya haɗa makami da shi. Nauyinsa bai wuce kimanin kilo ɗaya ba, wanda bai isa yin makami ba, amma ba a so ko kaɗan ya faɗa hannun miyagu. A 2018 Nijeriya, tare da Amurka da Sin da hukumar ta duniya, ta cire shi, ta sa wani mai kashi 13 cikin ɗari. A watan Disamba na shekarar aka mayar da tsohon ƙasar Sin ta jirgin sama. Gana ma ta yi wa irin wannan tukunya tata haka a 2017.

Hukumomi biyu ke da hannu a harkar nukiliya a ƙasar nan. Ta farko ita ce Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wadda aka yi dokarta a 1976, aka farfaɗo da ita a 2006; aikinta ta ciyar da shirin gaba. Ta biyu ita ce Hukumar Sa Ido kan Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995, ta fara aiki a 2001. Aikinta ba da lasisi, duba wurare, da hana abin da bai cika ƙa'ida ba, har da na'urorin hoton ƙashi na asibitoci. An zaɓi Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina manyan tashoshi, kuma a 2017 an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Dattawa da shugabanni da dama a Akwa Ibom sun fito fili sun ce ba su yarda ba. Har yau ba a fara ginin ba.

Ƙasashe biyu, darussa biyu

A ranar 26 ga Afrilu, 1986, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, tukunya ta huɗu ta tashar Carnobil ta fashe. Wurin yana Yukren, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Garin Pripyat, mai mutane kusan 49,000, yana da nisan kilomita 3 kacal. Gari ya waye, yara suka tafi makaranta, mata suka fita cefane, babu wanda ya ce musu su rufe tagogi. Sai a rana ta biyu aka kawo motocin kwashe su, aka ce su ɗauki kayan kwana uku. Ba su sake komawa zama a garin ba. Duniya ma ba daga bakin gwamnatin Sobiyet ta fara ji ba. A ranar 28 ga wata na'urorin wata tasha a Suwidin suka nuna gubar da iska ta kai can, sannan aka amsa cewa an yi haɗari. Shugaba Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi ba sai 14 ga Mayu.

Abin da ya fi shafar manomi da makiyayi shi ne abin da ya biyo baya. Gubar ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ta shiga nono, yara suka sha. Dubban yaran nan daga baya sun kamu da ciwon daji na maƙogwaro, a daidai wurin da maƙoƙo ke fitowa. Da an yi shela a ƙauyuka tun makon farko cewa kada a ba yara nonon shanun yankin, da yawancinsu sun tsira. Shirun hukuma ya ƙara wa haɗarin ɓarna. A watan Satumba na shekarar ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar da ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da irin wannan haɗari cikin gaggawa.

A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da igiyar teku suka lalata tashar Fukushima a Japan. An kwashe mutane fiye da 150,000. Nan ma an yi kurakurai. Kwamitin da majalisar ƙasar ta kafa ya ce a 2012 haɗarin sakacin mutane ne, domin hukumar da ke sa ido tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya. A shekarar aka rushe ta, aka kafa wata mai cin gashin kanta. Amma an yi abin kirki ta wajen abinci: cikin kwanaki aka hana sayar da madara da ganye daga yankin. Fukushima ƙasar shinkafa ce kamar tamu, kuma masu saye suka gudu. Daga 2012 sai aka shiga gwada kowane buhu, ɗaya bayan ɗaya, miliyoyin buhuna a shekara, ana manna wa wanda ya tsallake takardar shaida, ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Da haka kasuwa ta fara dawowa a hankali. Gani ya kori ji.

Abubuwa huɗu da suka wajaba a kan hukuma

Ko madatsa ce, ko tashar nukiliya, ko masana'antar da ke zubar da dagwalo a kogi, wajibin hukuma iri ɗaya ne.

*Na ɗaya, shawara tun kafin a fara.* Dokar nazarin illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce kafin a yi babban aiki sai an rubuta rahoton illolinsa, a ajiye shi inda jama'a za su gani su faɗi ra'ayinsu. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka ajiye a ofis bai isa ƙauye ba. Dole a zo a yi bayani da harshen mutanen wurin.

*Na biyu, gaskiya mai lamba.* "Ku kwantar da hankalinku" ba bayani ba ne. Bayani shi ne a ce ruwan Tiga ya kai mita kaza yau, saura kaza ya fara malala, an duba ganuwar ran kaza, ga abin da aka gani.

*Na uku, mai aiki daban, mai duba shi daban.* Wanda ya yi gini ba shi ne zai ba kansa shaidar inganci ba. Abin da ya faru a Japan ya isa misali.

*Na huɗu, gargaɗi da wuri da hanyar tsira.* Hukumar kula da yanayi da ta kula da ruwayen ƙasa suna fitar da hasashe kowace shekara, akwai kuma hukumar agajin gaggawa ta tarayya da ta jiha. Amma hasashe ba ya ceton kowa sai ya isa kunnen mai unguwa da liman da sarkin noma. Kowane gari ya kamata ya san wa zai yi shela, da me za a yi ta idan babu wuta ko sabis, wane tudu za a nufa, wa zai ɗauki tsofaffi da masu jego.

Namu aikin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masunta da makiyaya da manoman da ke kusa da madatsa ko bakin babban kanal sun fi kowa ganin canji. Ga alamomin da ya kamata a kai rahotonsu nan take ga dagaci da ma'aikatan hukuma: tsagewa a jikin ganuwa, wuri ya lotsa, ruwa yana tsattsafowa daga gindin ganuwa, musamman idan ja ne mai laka, domin alama ce yana tafiya da ƙasar ciki, gidan gara ko ramin dabba a jikin ganuwa, zaizaya bayan ruwan sama. Mu ma kada mu ƙara wa aikin rauni da fasa kanal ko ɗibar ƙasa a gindinsa.

Haka kuma kada mu tura saƙon da ba mu tabbatar ba. Saƙon ƙarya yana sa a gudu a bar dukiya, kuma idan aka saba jin ƙarya, ranar da gaskiya ta zo ba mai motsawa.

Doka ta ba mu damar tambaya. A watan Mayu na 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Kowane ɗan ƙasa yana iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma ana bukatar hukuma ta amsa cikin kwana bakwai. Takardar da ƙungiya ta rubuta ta fi ta mutum ɗaya nauyi, ga shi kuwa muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassanmu. Ga samfuri:

*Zuwa ga Manajan Darakta,*
*Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, Kano.*

*Ranka ya daɗe,*

*Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu manoman sashen ………, a Ƙaramar Hukumar ………, muna neman bayani bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kan abubuwa uku. Yaushe aka yi wa madatsar Tiga binciken lafiya na ƙarshe, kuma me aka samu? Ta wace hanya za a sanar da garuruwanmu idan ruwa ya kusa malala? Wane jami'i za mu kira idan mun ga alamar matsala? Muna roƙon a ba mu amsa a rubuce. Allah ya taimaki shugaba.*

*Sa hannu: Shugaba da Magatakarda*
*Kwanan wata: ………*

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a ajiye shi a wurin magatakarda. Idan kwanaki sun wuce ba amsa, a sake rubutawa, a ba hakimi da ɗan majalisar yankin kwafi. Tambaya cikin ladabi ba rashin biyayya ba ce. Ma'aikacin da ke son aikinsa ma tana taimaka masa, domin takardar jama'a hujja ce gare shi idan ya je neman kuɗin gyara.

Tambayoyi

1. A wace shekara madatsar Bagauda ta ɓalle? Wane mataki aka ɗauka a Tiga a 1992, kuma me ya jawo wa noman rani?
2. Me ya sa makwabcin tashar nukiliya ya fi makwabcin kogi dogaro da gaskiyar hukuma?
3. Mene ne aikin tukunyar nukiliya ta Zariya? Me aka canza mata a 2018?
4. Ta wace hanya guba ta isa jikin yara bayan haɗarin Carnobil?
5. Yaya manoman shinkafa na Fukushima suka dawo da amincewar masu saye?
6. Kawo alamomi uku na matsala a jikin madatsa.

Lissafi

Megawat 1 daidai yake da kilowat 1,000. Kilowat nawa ne megawat 1,200? Sau nawa wannan ya ninka kilowat 30?

Aikin rukuni

1. Ku rabu gida uku. Kowane rukuni ya zana taswirar garinsu, ya nuna kanal, da kwari, da tudu mafi kusa, da hanyar zuwa can.
2. Kowane ɗalibi ya tambayi dattijo ko dattijuwa ɗaya abin da suka tuna game da ruwan 1988: yaya labari ya iso musu, kuma wa ya kawo shi? A rubuta amsar cikin jimla biyar, a karanta a aji mako mai zuwa.
3. Ku kwafi samfurin takardar da hannunku, ku cike guraben, ku ƙara tambaya ɗaya da ta shafi garinku.